Gidan Play ya ɗauke min hankalin yaro, wai mi ke cikin wasannin nan?

Uwar Ƴan Uku, Zariya:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku, ya zahi ya ƙoƙari. Ku yi haƙuri zan yi dogon rubutu, abin ya tsaya min a rai tun jiya. Babban yarona shekara 12 gare shi, bana ya shiga siziyem, yaro ne mai natsuwa wallahi ko maƙwabta za su shaida. Jiya bayan la'asar na ba shi dala 100 ya sawo min tattasai da magi da kuka, nan kusa ne ko minti 10 ba za a yi ba, shiru shiru har anka kira magariba babu shi babu dalilinshi. Na zura hijabi na bi layi ina tambaya, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta ce ta gan shi gidan Play na bayan layinmu, shagon nan da yara ke biyan kuɗi su yi wasan bidiyo a tele. Na shiga na iske shi bisa benci cikin yara sun kai goma, ɗakin zahi kamar tanderu, shi ke riƙe da manet, abin da ake dannawa a sarrafa wasan, sauran sun zagaye shi suna ihu yi tsalle, kama bango, kama bango! Ya kashe dala 60 cikin kuɗin cefanen. Kuɗin sun ɓata min rai amma abin da ya hana ni barci shi ne da na kama hannunshi ya ɗago ido cike da hawaye ya ce Mama don Allah saura ƙofa ɗaya, in na tashi yanzu wani zai goge min inda na tsaya. Babanshi ya yi mishi faɗa sosai da dare. Ni tambayata ita ce mi ke cikin abin nan? Da ƙwallo ce na gane, kowa ya san yara da ƙwallo. Amma wannan wani mutum ne kawai ke gudu bisa bango cikin wani gidan sarki. Mi zai sa yaron da bai taɓa ɗaukar min ko dala ba ya yi haka?

Dattijon Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata ba wani dogon bincike cikin wanga zance, icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Yau dala 60, gobe jikka, jibi ki nemi wayarki ki rasa. A hana shi taka wurin kwata-kwata, ubanai kuma ya tahi ya ja ma mai shagon kunne. Mu da munka tashi babu wanga abu mi ya rage mu da shi?

Ɗan Kabu-kabu:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma hani kaɗai ba ya yi wallahi. Ni sau nawa yara da kayan lakwal ke tare ni su ce in kai su wata unguwa can nesa da gida, Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, don kar wani ya gan su ya kai rahoto. Wasu in ƙi ɗauka su tare na bayana. In an toshe nan can za su ɓulla.

Mai Gidan Play, Sabon Gari:
Salamu alaikum. Hajiya ki yi haƙuri da abin da ya faru, ba shagona ba ne amma sana'ata ce, shekara 9 ke nan ina cikinta. Yadda kika kwatanta, mai gudu bisa bango cikin gidan sarki, Prince of Persia ne, wanda ake ce ma Sands of Time, ya fito tun 2003, ya girmi yaronki nesa ba kusa ba amma har yau yara na nemanshi a Play 2, wato injin wasan PlayStation 2. Bari in ba ki labarin ki ji mi ya riƙe shi. Wani yarima ne ya samo wata wuƙa cikin ganimar yaƙi, wani mugun waziri ya yaudare shi ya buɗe wani ƙaton agogon rairayi da ita, rairayin ya watsu ya maida duk mutanen fadar dodanni har da mahaifinshi. Shi da wata gimbiya da wazirin kaɗai sunka tsira. To duk wasan ƙoƙarinshi ne na gyara ɓarnar da ya yi da hannunshi. Kowane ɗaki ka shiga a rufe yake, sai ka tsaya ka duba sama da ƙasa, ina zan kama, wace sanda zan yi lilo da ita, wane ƙarfe zan ja ƙofa ta buɗe, ga tarkon wuƙaƙe na juyawa a hanya. In ƙarfinka ya rage ruwa kake nema ka sha. Kuma wuƙar nan tana maida lokaci baya kaɗan, in ka faɗa rami sai ka danna ka ga ka dawo bisa bango kamar ba a yi ba.
Batun gogewa kuwa gaskiya ya faɗa miki. Play 2 ba ta riƙe inda ka tsaya da kanta, sai bisa wani ɗan kati da muke ce ma kart memwar, mega 8 ne kacal, kuma yawancin shaguna ɗaya ko biyu gare su na kowa da kowa. Cikin wasan ma ba ko'ina ake ajiyewa ba sai ka kai wurin wani haske mai kamar guguwa. Yaro zai yi sati biyu yana tara dala-dala yana matsawa gaba, wani ya zo ya ajiye nashi bisa nashi, shi ke nan aiki ya tafi. Na ga yaron da ya yi kuka kan haka har da shessheƙa.

Uwar Ƴan Uku, Zariya:
Ikon Allah. Ashe labari ne da farko da ƙarshe. Ni na ɗauka tsalle-tsalle ne kawai ba kai ba gindi.

Mai Gidan Play, Sabon Gari:
Labari ne Hajiya. Kai har ma yariman ne ke ba da labarin da bakinshi tun daga farko, shi ya sa in ka mutu gaba ɗaya sai ka ji muryarshi yana cewa a'a ba haka abin ya faru ba, sannan a maido ka ka sake.

Mushen Tarihi:
Wannan magana ta ƙarshe ta mai gidan Play ita ce ta sa na ajiye takardun ɗalibai da nake gyarawa na shigo. Hajiya ki tuna labarin Bayajida da muke ji tun muna ƙanana. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya ratso Barno, ya tsaya Gaya maƙera sunka ƙera mishi wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, ta ce ai ba a samun ruwa sai ran Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu, ya karɓi guga ya tafi shi kaɗai ya sare kan macijin, da safe gari ya ɗauka wa ya yi wannan aiki. Ki duba da kyau, tafiya, neman makami, tsohuwa mai nuna hanya, dodo a ƙarshe, lada. Wasannin nan da yara ke ce ma abantir kusan duk a kan wannan ƙashin bayan aka gina su. Da can yaro zaune yake yana sauraren kaka, yanzu an miƙa mishi gugan an ce kai ne za ka je rijiyar. Wane yaro ne ɗan shekara 12 zai ƙi?
Sai abu na biyu, wanda ni a matsayina na malami yake damuna. Ajina yara 70 da ɗoriya. Yaro ya ɗaga hannu ya yi kuskure aji ya kwashe da dariya, an gama da shi, ba zai ƙara ɗaga hannu ba har ƙarshen shekara. A gida ya fasa kwano a duke shi. Amma cikin wancan ɗaki mai zahi ya faɗi sau 20 a wuri ɗaya, ba mai zaginshi, abin da ake ce mishi kawai sake gwadawa, na 21 ya haye abokai su tafa mishi. Ina da ɗalibin da ba ya iya zama minti 5 kan darasi amma ya yi kwana uku kan ƙofa ɗaya cikin wasa har ya gano yadda ake buɗe ta. Haƙurin yana da shi ke nan, mu ne ba mu samo inda za mu taɓo shi ba.

Dattijon Bagalam:
Mushe ka iya magana amma kada ka haɗa tatsuniya da wanga abu. Tatsuniya kyauta kakanninmu ke ba mu, ba a satar kuɗin cefane don a ji ta. Kuma tana da lokaci, sai bayan isha an ci tuwo an gama aiki, wanda ya ce a yi da rana tsorata shi ake yi a ce ɓacewa zai yi. Don mi kake jin sunka ce haka? Don sun san daɗinta na iya hana yaro aiki. In an ce ƙurunƙus kowa ya tashi ya kwanta. Wanga naku wa ke ce mishi ƙurunƙus?

Mushen Tarihi:
Baba wallahi nan ka kama ni, ban da ja. Tatsuniya akwai babba zaune a kanta, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Gidan Play kuwa iyakarka kuɗin aljihunka ko a ɗauke wuta.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Ina wuninku iyayena, ku ba ni dama in sa baki, informatik nake karantawa kuma ni ma na yi wasannin nan. Akwai wani abu cikin tarihinsu da nake jin ya shafi tambayar Mama. Wasan da ake cewa shi ne kakan duk irin waɗannan wani Ba'amurke ne Will Crowther ya rubuta shi wajen 1976, babu hoto ko ɗaya sai rubutu, kwamfuta ta ce kana gaban wani kogo kai kuma ka rubuta inda za ka nufa. Mutumin nan mai shiga kogunan dutse ne da gaske, ya yi yawo cikin babban kogon Mammoth a jihar Kentaki, shi ne ya zuba abin da ya gani cikin wasan don ƴaƴanshi mata. Haka shi ma Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan, wanda ya yi Mario kuma ya yi Zelda a 1986, ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro cikin daji da duwatsu a ƙauyensu kusa da Kyoto, har ya taɓa samun wani kogo ya shiga da fitila, shi ne yake so yara su ji cikin wasan. Wato masu yin abin yarintarsu ta yawon daji sunka zuba ciki.
To mu duba namu yaran. Babana yana ba mu labari su da abokanshi suna sauka gulbi, su shiga garake tsinkar mangwaro, su bi sawun kurciya da danƙo, wani lokaci har su kama hanyar Tibiri a ƙasa. Ƙanena yanzu daga lakwal sai islamiyya sai gida, titi cike da babura da adaidaita, filin da ake langa an yi gini, ƙauyen kakarmu wajen iyaka ma an daina tura mu bakans saboda yanayin tsaro. Ba laifin iyaye ba ne, tsoro ne mai dalili. Amma son leƙa bayan dutse ka ga mi ke can bai fita daga zuciyar yaro ba don an rufe ƙofa. Mu mata kuwa dama can ba a bar mu mun yi wannan yawon ba. Ni karo na farko da na ji na tafi wani wuri ni kaɗai ba mai ce min ina za ki, cikin Minecraft ne a wayar yayana, ina CM2, na haƙa rami na gangara na iske kogo da ruwa da wuta na malala, hannuna har rawa yake. Na gina gida da rijiya da rumbu irin namu na ƙauye. Daga nan na fara tambayar kaina wai yaya ake yin abin nan, shi ya kai ni inda nake yau.

Ɗan Kabu-kabu:
Ƙanwata Allah ya yi miki albarka. Batun gulbi kin tuna min da nisa wallahi.

Malamin Islamiyya, Limanci:
Salamu alaikum. Na karanta duka kuma na ƙaru. Ni ba zan ce duk wasa haramun ne ba, ban da hujjar faɗin haka, yaro dole ya yi wasa. Amma akwai abubuwa da ba za mu rufe ido a kansu ba. Hajiya ta ce har anka kira magariba yana can, wato la'asar ta wuce magariba ta shigo yaro na riƙe da manet, wannan shi ne na farko. Manzon Allah SAW ya ce ni'imomi biyu mutane da yawa na hasara cikinsu, lafiya da rarar lokaci, yana cikin Buhari. Sannan abin da ke cikin wasan kanshi. Wata rana ina karantar da tauhidi wani yaro ɗan shekara 10 ya ce min Malam wai Zus shi ne sarkin alloli? Na ce a ina ka ji, ya ce cikin God of War. Hankalina ya tashi. Na je na zauna na kalla da idona, gumakan Girkawa ne tun daga farko har ƙarshe, ga jini ga tsiraici. Da wancan da ake satar mota ana harbin ƴan sanda. Ba kowane abantir ne Bayajida ba Mushe, wani guba ne cikin zuma.

Mai Gidan Play, Sabon Gari:
Malam gaskiya ka faɗa, kuma su masu yin wasannin ba su ɓoye ba. A jikin kwalin kowane wasa na Turai akwai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, tsarin PEGI ke nan, shekarun da ya dace a kai kafin a taɓa shi. God of War na 2005 da GTA San Andreas na 2004, mai satar motar da ka ce, duk 18 ne aka rubuta ɓaro-ɓaro. Minecraft da ƙanwarmu ta ambata 7 ne. Matsalar mu nan ba da kwali wasa ke zuwa ba, cikin kile USB ake zuba su goma ashirin ko yara su tura ma juna ta manhajar Xender su buga a waya da PPSSPP, manhajar da ke kunna wasannin Play a waya, lambar ba wanda ya gan ta. Ni a shagona na raba, tele ɗaya ta manya ce tana ciki, ta yara na bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gani, kuma da an kira salla ina kashe wuta gaba ɗaya. Na rasa kastoma kan haka ba kaɗan ba. Shi ma na yariman akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe tsakaninshi da gimbiyar da ban so ƙaramin yaro ya tsaya kallo, gara in faɗa miki tun yanzu Hajiya.

Tela a Mokoyo:
Kai dai ka yi ƙoƙari amma irinka nawa ne cikin garin nan? Wasu in dai za ka miƙa dala 20 ko goye kake za su kunna maka komi. Ni dai nawa ba a shago ya same ni ba, cikin ɗakina ya same ni. Ina ba yaron wajena wayata da dare ya ɗan taɓa wasa, wani na harbi da ake yi da intanet, kwana biyu sai in ga kuɗin cikin waya na raguwa, na ɗauka ni ke mantuwa. Ranar da zan biya kuɗin yadi na duba jikka 7 babu. Da na matsa mishi ya ce wai lu'ulu'u ya saya, kuɗin cikin wasan ke nan, don ya yi ma mutumenshi na wasan sabbin kaya da bindiga mai kala, don abokanshi na yi mishi dariya wai kayanshi na talakawa ne. Ni da nake ɗinka kaya na gaskiya ina samun dala 300 da ƙyar, a kwashe min jikka 7 kan rigar da ba a iya taɓawa! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Kawu sannu, Allah ya maida alheri. Amma don Allah iyaye su rarrabe, don waɗannan iri biyu ne daban. Irin wanda yaron Mama ke yi labari ne mai ƙarshe, ka kashe waziri rubutu ya hau sama an gama, akwai ƙurunƙus ɗin da Baba ke tambaya, sai dai yana da nisa. Irin wanda ya ci kuɗin Kawu kuwa, wanda ake zuba mutum 50 ko 100 cikin tsibiri su yi ta harbin juna sai ɗaya ya rage, ba shi da ƙarshe ko kaɗan, da gangan aka gina shi haka. Kyauta ake saukewa, to ina kamfani zai ci? Wurin sayar da kaya da akwatin sa'a wanda ba ka san mi ke ciki ba sai ka biya, da kyautar da ake ba ka in ka shigo kullum ba fashi, in ka tsallake rana ɗaya ka rasa. Ga cin mega, ga baƙi da yaro ke magana da su ba ka san ko su wane ne ba. Ni in za a tambaye ni wanne zan bar ma ƙanena, mai ƙarshen nan zan zaɓa sau dubu. Kuma Kawu ka sa kod a wurin biyan kuɗi na wayarka, akwai kuma Family Link na Google da ke ƙayyade ma yaro lokaci, in ka zo wajen jami'a ko ka aiko wayar in saita maka.

Infirmiya:
Ina so in kwantar ma Hajiya da hankali ta ɓangarenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ya fara aiki 2022, amma ba kowane mai son wasa ake nufi ba. Sai mutum ya kasa riƙe kanshi, wasan ya ture komi na rayuwarshi, ya ga yana cutuwa amma ya ci gaba, kuma a ƙa'ida abin ya ɗauki kamar wata 12 a haka. Yini ɗaya da dala 60 bai kai nan ba. Abin da za ki sa ido a kai barcinshi, cin abincinshi, sakamakon lakwal, da ko ya fara yawan ƙarya da fushi in an hana shi. Ni abin da na fi gani wurin aiki yara masu ciwon kai da jan ido saboda waya cikin bargo har ƙarfe 2 na dare. A ƙasar Sin tun 2021 gwamnati ta ƙayyade ma ƴan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal a sati na wasan intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare ran Juma'a da Asabar da Lahadi. Mu nan ba mai yi mana wannan, sai dai uwa da uba.

Mushen Tarihi:
Masu barci a aji ran Litinin da safe na san su ɗaya bayan ɗaya, ba na musun wannan. Amma abin da ke ci min rai daban ne. Yaranmu sun san sunayen gumakan Girka, sun san titunan wani gari na Amurka kamar unguwarsu, wani ɗalibina ya kwatanta min Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa tiryan-tiryan saboda Assassin's Creed Mirage da ya fito 2023, ya fi littafinmu bayani. Na tambayi ajin nan wa ya san Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya ma rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a 1899, hannu uku na gani. Alhali kaburburan turawan nan biyu na nan Maijirgi wajen Tasawa, cikin jiharmu. Ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ta cikin Tenere, kwana da kwanaki ba ruwa sai taurari, wane abantir ne ya fi wannan? Mutanen Kamaru sun yi nasu, Aurion, ya fito 2016 daga wani kamfani Kiro'o Games na Yawunde. A Yamai ma wani matashi ya yi Les Héros du Sahel. Ƙanwata ta jami'a ku muke jira, in kun yi na Gizo da Ƙoƙi da Hausa ni zan fara kai shi aji.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Mushe in sha Allah. Mu uku ne muke gwada wani ƙarami da Godot, manhajar haɗa wasa, kyauta ne ba a biya, matsalarmu mai zane da kuma wuta. In akwai wanda ya iya zane cikin gidan nan ya yi min magana ta gefe.

Dattijon Bagalam:
To na ji duka. Batun gulbi da ɗiyar nan ta kawo, mu ma mun yi, an aike ni sayen goro na bi abokai munka tahi wanka, sai dare na komo, Allah ya jiƙan mahaihina ranar na sha kashi. Na yarda ƙuruciya guda ce. Amma ban janye ba kan abu guda, kuɗin aike amana ne. Kada daɗin bayani ya sa a manta yaron ga ya taɓa abin da ba nashi ba. Ya biya, ko da dala-dala ne, ya san zahin hitarsu.

Malamin Islamiyya, Limanci:
Wannan haka yake Baba. A biya, kuma a yi sallolin da aka bari.

Uwar Ƴan Uku, Zariya:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana uku, na gode ma kowa Allah ya bar zumunci. Na karanta ma babanshi duk abin da kunka rubuta. Mun tsaya kan zai biya dala 60 daga kuɗin rekreyasiyon ɗinshi, dala 10 kullum, ya riga ya kawo na kwana biyu da kanshi ya ajiye min bisa firji. Zuwa gidan Play kuma sai Asabar da Lahadi bayan ya gama debuwar, awa ɗaya, babanshi ya je ya ga mai shagon sun yi magana ta fahimta ya ce ba zai ƙara kunna mishi na manya ba kuma da an kira salla zai koro shi.
Shekaranjiya da dare an ɗauke wuta muna zaune tsakar gida bisa tabarma, sai na ce mishi wai yariman nan naka mi ya kai shi buɗe agogon? Ya dube ni yana tsammanin faɗa ne. Da ya ga da gaske nake ya gyara zama ya fara, wallahi yaron da in ka tambaye shi ya lakwal sai ya ce lahiya ya yi shiru, ya fi rabin awa yana zuba, yana tashi yana kwatanta yadda ake gudu bisa bango, ƙannenshi mata biyu sun buɗe baki, ƙaramar har tana ɓoyewa bayana wurin dodanni. Da ya zo inda yariman ya yi faɗa da babanshi da ya zama dodo sai muryarshi ta canza ya ce Mama ai ba da sonshi ba ne, yaudararshi anka yi. Jiya kuma ya dawo ya ce min ya leƙa daga bakin ƙofa ya tambaya, an goge mishi ɗin kamar yadda ya ji tsoro, sai ya sake daga farko. Bai yi kuka ba amma ko tuwo bai ci sosai ba. Mai gidan Play don Allah katin nan ana samun na mutum shi kaɗai? Kuma wasan zai ɗau lokaci nawa kafin ya ƙare, in san abin da zan shirya ma aljihuna.

Mai Gidan Play, Sabon Gari:
Ana samu Hajiya, cikin babbar kasuwa wajen masu kayan tele da waya, ki ce kart memwar ta Play 2. Ki nemi mai mega 8, waɗanda ake rubuta ma 64 ko 128 sun fi saurin lalacewa, kuma a gwada a gabanki kafin ki biya. Ya rubuta sunanshi a jiki, ya zo da ita ya koma da ita, amma ke za ki riƙa ajiyewa ba shi ba. Wasan ni na gama shi cikin kamar awa 10, shi da ya riga ya san rabin hanya ba zai kai haka ba. In shagonsu dala 20 ne minti 30 kamar nawa, ki lissafa jikka 2 ko ƙasa da haka, a awa biyu kowane sati wajen sati biyar ke nan. In ya kusa ƙarshe ki gaya min in faɗa miki daidai wurin da na ce a tsallake.

Uwar Ƴan Uku, Zariya:
To madalla, na gode ƙwarai. Sai ya gama biyan bashinshi tukuna, ran Juma'a ke nan, sannan in shiga kasuwar.